Jinin da Muka Zubar a Kasko

Idan ka shiga Birni ka bi lungunan unguwarmu kana ɗaga kai, rabin zanen da za ka gani a goshin zaurukan mutane aikin hannun mahaifina ne. Sunansa Tahiru, magini ɗan magini. Ni ce ƴarsa ta uku, Zahra'u. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk dangi sun shaide ni da saurin baki. Ban musa ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a lamarin Baba, ranar da na yi shiru ta fi ranar da na yi magana ɓarna.

Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshen kirgi. Ba ya awo da igiya. Zai tsaya ya ƙanƙance ido ya dubi bango, ya ce wa mai gida, "Nan ya karkata," a kawo igiya a tarar haka ne. Siminti kuwa gaba yake da shi, ya ce ɗakin siminti tanda ce aka yi wa ƙofa. Da bazara ta kama sai zaurenmu ya cika, kowa na son a yi masa yaɓe kafin ruwan farko, shi kuma bai iya cewa a'a ba. Tun hantsi yana kan tsani har la'asar, fura ce abincinsa na rana, da dare tuwo. In an sami nama a miya sai ya tura wa yara, wai haƙoransa sun gaji. Yana wanke hannu zai zauna gaban shayi, baƙi ƙirin mai ɗaci, zagaye uku, ba fashi. Haka na buɗe ido na gan shi, haka kuma ya tsufa.

Gata ɗaya yake yi wa jikinsa, shi ne ƙaho. Mai yi masa kuwa Baba Tanimu ne, wanzamin gidanmu, kamar yadda ubansa ya kasance wanzamin kakanmu. Shi ya yi mana askin suna mu bakwai, shi ya yi wa yayana Mansur kaciya. Dogo ne siriri mai barkwanci, kullum zabirarsa a rataye. Tare suka yi makarantar allo da Baba, tare suka yi samartaka, kuma ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba.

"Mai taɓo, har yanzu ba ka faɗo ba?" in ji Baba Tanimu tun daga bakin ƙofa.

"Ina jira ka gama yanke kunnuwan Birni tukuna, Sarkin Aska," in ji Baba.

Kowane wata, da ya raba tsakiya, sai Baba ya ɗauki hutun yini ɗaya. Ya tuɓe riga ya zauna a tabarma cikin zaure, ya ba abokinsa baya. Baba Tanimu ya kafa ƙahoni shida, uku dama uku hagu, ya tsotsa har fata ta taso, ya cire ya yi ƴan tsage da aska, ya mayar ya sake tsotsa. In ya ɗaga ƙahon, jini ne baƙi guda-guda, sai ya juye a kaskon da aka zuba wa toka. Tun ina ƴar shekara bakwai ni ce mai kai kaskon bayan gida in binne, kuma ina jin daɗin aikin, don ana ganina babba. Baba Tanimu kan nuna mini ya ce, "Kin ga gajiyar ubanki, ƴata. Mataccen jini ke nan, zamansa a jiki ba shi da amfani." Baba ya tashi ya yi miƙa, ya ce ya koma sabo. Shekara arba'in ana haka. A wurinmu ƙaho ba magani ba ne da za a tsaya ambatonsa, abu ne kamar aski da yankan farce.

Shekarar da ya cika sittin da uku, cikin tsananin zafin bazara, yana kan wani soro yana gyaran indararo sai ya ji kamar an kife masa turmi a ƙirji. Bai faɗo ba. Ya sauko da kansa a hankali, ya zauna a inuwa gumi na zubo masa, ya ce wa masu gidan fura ce ta tsaya masa. Awa huɗu yana zaune yana kurɓar jiƙon kanwa kafin wani mai hankali ya kira Mansur. Ko da aka kai shi asibiti leɓunansa sun yi fari. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance, shi da bai taɓa kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Likitar da ta karɓe shi sunanta Kaltuma, ƴar Barebari ce, matashiya mai magana ƙasa-ƙasa. Ta tara mu ta ce ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ce ta toshe. Wani yanki na naman zuciyar ya mutu, wannan ba ya dawowa. Amma kewaye da shi akwai yankin da ya ji rauni bai mutu ba, kuma watannin da ke tafe su za su nuna inda aka dosa: ko wannan yankin ya farfaɗo Baba ya ci gaba da harkokinsa, ko zuciyar ta saki ta buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Ta rubuta masa ƙwayoyi, biyu daga ciki masu tsinka jini ne don kada ya sake daskarewa a jijiya. Da yake ni ce mai Faransanci a gidan, ni na zama mai riƙe takardu, kuma ni ta kira gefe ranar sallama.

"Malama, analiz, gwajin da muka yi, ya nuna jininsa ya ɗan yi ƙasa, ba sosai ba. Yana zubar da jini ta wani wuri? Haɓo, ko basur, ko baƙin bayan gida?"

Na ce a'a.

"Yana shan wani maganin gargajiya?"

"Jiƙon kanwa ne kawai, kuma mun hana shi."

Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba. Ƙaho bai ko gifta mini a rai ba, ni da na binne kasko ya fi a ƙirga. Na yi karatu, kowace shekara ina zana wa yara zuciya a allo da jan alli da shuɗi, ina koya musu yadda jini ke zagaya jiki. Amma a cikin kaina jinin littafi daban, na kasko daban. Ita kuma likitar ba ta ga bayansa ba, don Baba ya rantse ba zai tuɓe riga gaban sa'ar ƴarsa ba. Maɓallan gaba kawai yake buɗewa, bayansa kuwa ta kan riga take saurara.

Muka dawo gida muna jiran ya murmure, murmurewa ta ƙi zuwa. Daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya huta sau biyu. Buta ma nauyi take yi masa. Ruwan farko ya sauka bangon gidanmu ba yaɓe, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni, ya zauna yana kallon ƙasa na zubowa daga jikin bangon. Inna Barira, mahaifiyarmu, kullum sai ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta ce, "Da jininsa, ga shi nan ja." Maƙwabta ma kowa ya zo sai ya leƙa, kamar idon nan na gayya ne, kowa ya tabbatar da jininsa. To in ba ƙarancin jini ba ne, mene ne?

Ni ce na samo amsa, ni mai ilimi. Na ce likita da bakinta ta ce wani yanki ya mutu. To jinin da ke wurin ina ya tafi? Yana nan kwance a jiki, shi ke danne shi. Ga kuma wata biyu ba a yi masa ƙaho ba, mutumin da jikinsa ya saba. Inna ta ce wallahi haka ne. Na yafa mayafi na tafi gidan Baba Tanimu da ƙafata.

Bai yi saurin amsawa ba, wannan dole in faɗa. Ya ce, "Ƴata, mutumin nan yana hannun likita. Ta yarda?"

Na ce, "Baba, ina ruwan likita da ƙaho? In za a yi masa aski ma sai an tambaye ta?"

Sai ya ɗauki zabira.

Jinin da ya fito ran nan ba irin wanda na sani ba ne. Ja ne, tsinkakke, bai yi guda ba, kuma da aka cire ƙahonin bai tsaya ba, ya riƙa gangarowa har ya jiƙa bakin wando. Baba Tanimu ya daɗe yana dannawa da auduga, fuskarsa ba walwala. Amma da aka tambayi Baba ya ce ya ji sakayau. Yanzu na gane abin da ya ji. Wata biyu yana kwance kowa na yi masa magana kamar jariri, ran nan abokinsa ya zauna ya zage shi son ransa, suka yi dariya, suka sha shayi. Wa zai ce bai ji sauƙi ba? Mu kuwa muka ce magani ya karɓa. Tunda jinin da yawa haka, ashe ya taru, sai a matso da lokaci. Daga wata-wata aka koma mako-mako, daga ƙaho shida aka koma takwas. Duk ranar da zan kai shi randebu wurin likita sai in zaɓa masa farar riga mai tsabta, ta duba, ta ce sauƙin yana tafiyar hawainiya, ta gyara ƙwayoyi, mu dawo.

Wata uku muka yi muna haka. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ya koma salla a zaune. Ba ya iya kwanciya sai an jera masa matasai, in ya miƙe sosai numfashi ya gagara. Wata safiya ya kasa ƙarasa Fatiha a numfashi uku, Mansur ya nemo mota muka koma asibiti.

Likita Kaltuma ta saurari ƙirjinsa, ta ce, "Baba, yau kam sai ka yi haƙuri da ni. Akwai ruwa a huhunka, sai na ji da kyau." Ba shi da ƙarfin gardama. Ta ɗaga rigar da kanta.

Ni ina tsaye ta gabansa, don haka fuskarta na fara gani kafin bayansa. Na zagaya. Na sha ganin bayan nan, amma ban taɓa ganinsa da idon baƙo ba. Tsofaffin tabo sun yi layi-layi tun daga kafaɗa har ƙugu, a kansu ga sababbi, wasu sun yi ɓawo, wasu har yanzu da danshi, sun manne wa rigar.

"Tun yaushe?" ta tambaye ni.

"Tun kafin a haife ni. Wata-wata."

"Waɗannan ba na wata-wata ba ne."

"Wata uku ke nan, kowane mako."

Ta sauke rigar a hankali ta gyara masa wuya. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Malama, na tambaye ki ko yana zubar da jini."

Na ce, "Ai wannan mataccen jini ne." Ina faɗa ina jin yadda maganar ta fito a bakin malamar lakwal, na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta sa aka ɗebi jini don wani analiz dabam, wanda ke auna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Kwana huɗu muka jira. Ranar da sakamako ya fito ta jawo kujera ta zauna gefen gadonsa, ta yi magana da shi kai tsaye, da Hausa.

"Baba, abin da ƙaho ke fitarwa jini ne kamar kowane jini. In ya yi baƙi ya daskare, don ya fito ya tsaya ne. A cikinsa akwai sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba ya ƙera shi, sai abin da ya samu a abinci. Kai ba ka cin nama, kana bin tuwo da shayi mai kauri, shayin kuma yana hana hanji ɗaukar ɗan abin da ke ciki. Shekara da shekaru ana ɗiba kaɗan-kaɗan ba a mayarwa. Da ka fara ƙwayoyin tsinka jini, kowane ƙaho ya koma ɗibar ninki."

Inna ta ce, "Amma likita, idonsa ja ne, kullum ina dubawa."

"Inna, tuwo na iya kasancewa a akushi alhali rumbu ya ƙare. Jiki yana kwashe ajiyarsa ya riƙe jini har sai ajiyar ta ƙare ƙaf, sannan ido ya nuna. Kuma ba jini kaɗai ke buƙatar sinadarin nan ba. Naman zuciya da kansa da shi yake samun ƙarfin bugawa. Zuciyar da ciwon nan ya same ta ba ta da shi, an lura raunin ya fi yi mata faɗi, kuma ta fi wuyar farfaɗowa."

Baba ya dubi silin. Ya ce, "Wato bango ya tsage, mu kuma muna ta kwashe ƙasar yaɓen."

"Kusan haka, Baba."

Ta nuna mini hoton zuciyar da aka sake ɗauka. Ta buɗe fiye da na farko, bugunta ya yi sanyi. A waje na tare ta na ce, "Da ba a yi ƙahon nan ba, da ya warke?" Ta ce, "Ban sani ba, Malama, kuma ba zan yi miki ƙarya don ki ji daɗi ko ki ji zafi ba. Awa huɗun da ya yi a zaune ran farko sun yi nasu. Ƙwayoyin ma kan sa hanji ya yi yoyon jini a ɓoye. Ni ma da na matsa na ga bayansa tun farko. Abin da na sani, watannin da zuciyarsa ta fi buƙatar taimako, ba ta samu ba." Garin gyaran gira mun taɓa ido, kuma ni na riƙe madubin.

Da yamma, da Inna ta fita alwala, Baba ya yafito ni. Ya ce, "Uwata, kada Tanimu ya ji wannan bayani. Ki ce masa ƙwayoyin da nake sha ba sa shiri da aska. Ai gaskiya ce." Na ce to.

Kwana uku na riƙe. Ran na huɗu na dawo gida ɗaukar abinci, na tarar da Baba Tanimu a ƙofar zaure tare da wasu maƙwabta, ya zo jin labarin jiki. Zabirar na rataye kamar kullum, bakin ƙaho ɗaya ya leƙo. Ganin ƙahon nan ne ya kwance mini kai. Ban gaishe shi ba. Na ce ya zo ya ƙarasa abin da ya fara ne? Na ce likita ta ce shi ya tsotse ubana, shekara arba'in yana kwashe masa abin da zuciyarsa ke rayuwa da shi, yana ce mana mataccen jini. Na ce jahilci ma kisa ne. A gaban mutane na faɗa, ga mutumin da ya aske mini gashin suna.

Yana da amsa, kuma duk wanda ke wurin bai san da ita ba sai ni da shi. Da ya ce, wa ya zo har gida ya kira ni, wa na tambaya ko likita ta yarda, da ya gama da ni. Bai ce ba. Ya tambaya kawai, "Haka likitar ta ce, ƴata?"

"Haka ta ce."

"To," in ji shi. Ya gyara ratayen zabirarsa ya juya. Magana zarar bunu ce, na zare kuma na san ba ta komawa.

Likita ta ce ƙwayar ƙarin jini ba za ta yi masa abin kirki ba, hanjin mai irin wannan ciwo ba ya ɗauka sosai, sai dai a sa masa ta jijiya. Maganin babu shi a gari a lokacin, daga Yamai aka aiko da shi. Da aka rataya ledar Baba ya dubi ruwan, ja-ja baƙi-baƙi kamar jiƙon da magina ke shafa wa bango, ya ce, "Makuba ce wannan, za a yi mini yaɓe ta ciki." Ita ce dariyarsa ta farko cikin makonni. Sau biyu aka sa masa. Aka cire ruwan huhu da wasu ƙwayoyi, aka sallame mu da dokoki: ba ƙaho, hanta da wake da zogale dole, shayi sai an yi nisa da abinci. Inna ta tsaya a kansa kamar soja, naman da ya shekara arba'in yana tura wa yara yanzu sai ya cinye tana kallo.

A hankali ya fara dawowa. Ya koma salla a tsaye. Ya kai zaure ba hutu, daga baya ya kai masallacin unguwa. Amma Baba Tanimu bai sake tako gidan ba, Baba kuma ya ƙi kowa ya taɓa masa kai. Suma ta taru, fara fat, gemu ya bazu. Mansur ya kawo injin aski, Baba ya ce ya mayar. Bai yi mini faɗa ba. Sau ɗaya kawai, ina ba shi ƙwayar safe, ya ce, "Kin faɗa masa." Na ce na faɗa. Ya haɗiye ƙwayar ya sha ruwa, ya ce, "Wa ya je ya kira shi, Uwata?" Bai jira amsa ba ya miƙo mini kofin. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya sauko daga soro.

Bayan wata biyu, wata Asabar da hantsi, ya ɗauki sanda ya ce in raka shi. Gidan Baba Tanimu yana can ɗaya gefen Birni, tafiyar da a da yake yi kafin shayi ya huce. Ran nan mun kusa awa. Sau uku yana zama a dakalin mutane, kowane zama sai ya ɗaga kai ya dubi bango ya ce wannan an ɓata shi, wancan yaɓen ba zai kai kaka ba. Ina jin numfashinsa, ina roƙonsa mu koma, yana yi kamar bai ji ba.

Muka tarar da Baba Tanimu zaune a zaurensa, hannu biyu a kan gwiwa. Ya rame. Na ji labari tun ranar da na yi masa magana bai sake kafa wa kowa ƙaho ba, mutane na zuwa yana ce musu idonsa ne ba ya gani.

Baba ya jira numfashinsa ya daidaita, ya ce, "Sarkin Aska, ka bar ni na koma kamar mahaukacin kasuwa."

"Tahiru," in ji Baba Tanimu, kuma ban taɓa jin ya kira sunansa ba sai ran nan. "Tahiru, na cuce ka."

"Aske ni tukuna. Ba a shari'a da irin wannan suma." Baba ya zauna a tabarma ya cire hula. "Shekara arba'in ni ke kawo maka bayana. Ka taɓa ɗaure ni? Abin da ubanka ya koya maka ka yi, abin da ubana ya koya mini na karɓa. Ɗauko askarka."

Na durƙusa gaban Baba Tanimu na ce, "Baba, ni na kira ka, kuma ka tambaye ni. Ka yafe mini." Ya ce, "Tashi, ƴata, ubanki kike so." Ya ɗauko zabira ya jiƙa kan Baba da ruwa da sabulu. Ya ɗauki aska ya aske shi tas.

Baba ya ƙara shekara biyu da ƴan watanni. Bai sake hawa tsani ba. Likita ta ce maganin ya ƙara masa ƙarfi da numfashi, amma zuciyar da ta riga ta buɗe ba ta komawa yadda take. Magina kan zo su ɗauke shi a mota ya zauna a inuwa ya duba musu bango, ya ce nan ya karkata, su sa igiya su tarar haka ne. Baba Tanimu yana zuwa kowace Juma'a da safe ya yi masa aski su yi ta zagin juna, sai dai zagin na Baba Tanimu ya rage kaifi, kamar mai taka ƙasar da ba ta bushe ba. Cikin damina ta uku kumburin ya dawo, wannan karon bai sauka ba. Ya rasu wata Talata bayan azahar, a ɗakinsa, Inna na riƙe da hannunsa.

Ashe ya bar wa Mansur wasiyya: Tanimu ne zai wanke shi. Da aka gaya wa Baba Tanimu ya ce a nemi wani, ba zai iya ba. Liman ya ce wasiyya ce. Baba Tanimu ya naɗe hannun riga ya shiga, Mansur na zuba masa ruwa.

Sun daɗe a ciki fiye da yadda aka saba, har maza a waje suka fara duban rana. Ina zaune a bakin ɗakin Inna cikin mata lokacin da ya fito, hannuwan rigarsa sharkaf. Maimakon ya nufi zaure sai ya ratso tsakar gida ya tsaya a gabana, mata suka ja mayafi. Ya sunkuyo.

"Ƴata, na duba bayansa," ya ce. "Ɗaya-ɗaya na bi su. Duk sun warke. Babu ko ɗaya da bai warke ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Ya tsaya yana kallona kamar yana jira in ce masa ba shi ya kashe abokinsa ba. Yana nan tsaye har aka kira shi daga zaure a ɗauki makara.